Shanyar Jikata da Injin Mai Girma

Jama'a, in kun gamu da ni a hanya yau kuka ga ƙulu a goshina, kada wanda ya ce dambe na yi. Ni da shekaruna, wa zan iya kayarwa? Da asuba na tashi zan yi alwala, na sunkuya kamar yadda na saba don in ratsa falo, sai ji na yi gwaf, goshina ya gaisa da bakin tebur. Na daɗe dafe da kai ina salati. Abin haushin shi ne, igiyar da na sunkuya wa babu ita a wurin. Da hannuna na kwance ta jiya. Jiki ne dai bai samu labari ba.

Maƙwabciyata Bu Tumini, wato Malama Tumini, mai soya ayaba a gindin matakala, ita ta fara ganina. Ni kuwa Mbah suke ce min, wato kaka.

"Mbah Karso, wa ya ci zalinka da sassafe haka?"

Na ce, "Ci gaba ne, Bu. Ci gaba ne ya buge ni."

Ta ce, "To sannu. Ni ma ai ya taɓa taka min kasko."

Bari in faro muku daga tushe, don kada ku ɗauka bugun ya taɓa min ƙwaƙwalwa.

Da can, a nan ƙasarmu ta Jawa, a bakin kogi muke zaune, a gidajenmu na katako. Ba zan yi muku ƙarya in ce aljanna ce ba. Duk damina ruwa kan shigo ya duba lafiyarmu har gado. Amma muna da gorar shanya a ƙofar gida, kuma ko ranar da aka wuni ana tsugawa, in rana ta leƙo na ɗan lokaci, mata kan ruga su karɓi rabonsu. Ana nan sai ga Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya cece mu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma don tsoro ba, don dai canza su ake yi kamar zanen gado, almakashin yanka ƙyallen buɗe sabon gini ne kaɗai ba ya canzawa. Ya rushe unguwar, ya kwaso mu ya zuba a dogon benen nan na talakawa, ya tsaya gaban lasifika ya dafa ƙirji ya ce kowane gida zai samu wurin shanya a saman bene, fili fetal, rana ta ishi kowa har ta yi saura. Muka tafa har tafin hannu ya yi ja. Ni ne ma na fi kowa tafi, Allah ya yafe wa hannuwana.

Ba a jima ba sai ga ƙwararru sun hau sama da tsumman awo. Suka sauko suka ce asara ce a bar fili mai kyau haka ga wandunan talakawa. Aka shimfiɗa ciyawar roba, aka jera tukwanen furanni, furannin ma na roba, aka kafa lilo, aka raɗa wa wurin suna Lambun Sama. Daga nan aka sa masa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, aka miƙa mabuɗin ga wani Ranka-ya-daɗe Ma'ajin Mabuɗi, bawan Allah mai ƙwazo, wanda duk sa'ad da ka je nemansa yanzun nan ya fita. To, mun ce ba komai, ai muna da baranda. Ashe barandarmu tana kallon titin da manya ke bi daga filin jirgi. Sai ga mai unguwarmu Pak Sarmin (Pak a wurinmu kamar Malam ne ko Baba) da lasifikar hannu yana bin hawa-hawa: daga yau shanya a baranda ta haramta, tana zubar wa gari da mutunci. Kun ji fa. Garin da kwatarsa ke hawa titi ta yi wa motoci rakiya, rigar jariri ce za ta zubar masa da mutunci.

Sai kowa ya mayar da shanyarsa ciki. A gidanmu mu huɗu ne: ni, ɗana Gunadi mai sana'ar acaɓa, matarsa Ningrum, sai jikata Sekar da ko zama ba ta gama iyawa ba. Wanda bai taɓa zama da jariri ba bai san wanki ba. Abu ɗan mitsitsi haka, amma a wuni guda sai ta ɓata kayan da za su ishi 'yan ƙwallo. Gunadi ya ɗaura igiyoyi daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ƙusar agogo, falo ya koma saƙar gizo. A sunkuye muke tafiya, a sunkuye muke gaisawa. Kullum da asuba sai wani jiƙaƙƙen ƙunzugu ya mare ni a fuska kafin in kai bakin famfo. Da damina ta kankama kuwa, sai kaya su kwana su wuni su sake kwana, ba su bushe ba, sai dai su canza wari. Fanka ta yi ta juyi har ta fara kuka. Ningrum ta bi su da dutsen guga, tururi ya tashi ya koma bango, bango ya yi fumfuna. Wata Juma'a na ɗaura zanena na tafi masallaci, mutumin da ke gefena a sahu ya shaƙi iska sau ɗaya ya matsa, ya bar tsakaninmu gurbin da akuya za ta wuce.

Duk wannan abin dariya ne har ranar da Sekar ta fara tari. Ƙuraje suka feso mata a cinya da wuya, ta daina dariyar nan tata da take yi in na buɗe mata bakina marar haƙora. A asibitin unguwa malamar ta duba ta, ta saurari ƙirjinta, ta ce magani kam ga shi, amma babban magani shi ne busassun kaya da busasshen ɗaki. Na ce mata, "Malama, a wane kantin magani ake sayar da su?" Ba ta yi dariya ba.

Ningrum ba mace ce mai hayaniya ba, shi ya sa in ta yi magana ake ajiye cokali. Ranar tana zuba wa mijinta shinkafa da soyayyen tempe, awararmu ta waken soya, ba ta ko ɗago kai ba ta kira shi Mas, yadda ake kiran namiji a wurinmu, ta ce, "Mas, ko dai injin busar da kaya, ko jirgin ƙasa."

Gunadi ya ce, "Jirgin ƙasa kuma? Zuwa ina?"

"Gidanmu. Mahaifiyata tana da tsakar gida da iska. Ba zan zauna ina kallon yarinyar nan tana ruɓewa kamar burodi ba."

Na sa baki na ce, "Nduk, 'yata, a yi haƙuri mana. Sai yaushe za ki dawo in kin tafi?"

Ta ce, "Ranar da riga za ta iya bushewa a gidan nan, Pak."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ƙauyen su Ningrum yana can kan tsaunuka, wuni guda a jirgi sannan a hau mota. Kuma na san kakanni mata, in jika ta shiga hannunsu ko da kotu ba ka ƙwato ta. Can za ta yi rarrafe, can za ta yi tafiya, can za ta fara magana, in an kawo ta ta gan ni ta fashe da kuka. Tun da uwar Gunadi ta rasu, abu biyu ne ke tashina da safe da murna: yarinyar nan da kurciyata.

Kurciyar ce ma ta ba ni dabara. Doka ta hana shanya a baranda, amma ba ta hana keji ba, don an ce kiwon kurciya al'adar Jawa ce, tana burge baƙi. Kowa kuma ya san ana lulluɓe keji da ƙyalle. To wa ya ce ga irin ƙyallen? Na kwashi ƙunzugu da 'yan riguna na lulluɓe kejin tsaf, na rataye shi inda iska ke kaɗawa. In sun sha iska in sauke in sa wasu. Abin ya tafi daidai har mazan hawanmu suka fara sayen keji, wasu ma ba tsuntsu a ciki. Ran nan sai ga Pak Sarmin ya tsaya a ƙasa, ya ɗaga kai, ya riƙe ƙugu.

"Mbah Karso! Tsuntsunka wando yake sawa?"

Na leƙo na ce, "Mura take yi, Pak. Kurciya ce mai kunya."

"Da safa ma?"

"Ƙafarta ce ke sanyi."

Ya hawo yana haki, ya zauna, ya sha min kofi, ya ce shi ma fa ba da son ransa ba ne, daga sama aka ce. Na ce wace saman, ta Allah ko ta Lambu? Ya ce in bar wasa. Washegari lasifika ta sanar cewa daga yau lulluɓin keji sai kore, kuma kada ya kasance yana da hannu, ko wuya, ko maɓalli. Kun ga aikin hukuma ke nan in ta so aiki. Kwatar bayan benenmu ta toshe tun kafin a haifi Sekar ba a samu mai duba ta ba, amma dokar wandon kurciya a kwana ɗaya ta fito.

Da dabara ta ƙare sai na ce wa Gunadi ya goya ni mu je mu ga injin nan da idonmu. Ni fa a raina ban taɓa yarda mutum ya sayi abin da Allah ke bayarwa kyauta ba. Kakannina rana ce ta busar musu, ba ta taɓa kawo musu takardar kuɗin wuta ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kantin, wani saurayi mai gashi a tsaye ya tare mu da "Barka da zuwa, Pak, barka da zuwa, Mbah," ya buɗe wani farin inji mai zagayayyen murfi, ya ciro tawul ya ɗora min a kumatu. Wayyo! Ɗumi, laushi, ƙamshi. Na rufe ido na hango Sekar a naɗe a ciki tana barci ba tari. Nan take na yanke shawara a zuciyata: kurciya za ta tafi. Akwai wani mai gidan abinci da ya daɗe yana bina in sayar masa da ita saboda muryarta, ina korarsa. Da kuɗinta, da abin da Gunadi zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, injin zai shigo gida. Na faɗa wa Gunadi a gaban yaron kantin, ya kalle ni kamar na ce zan sayar da ƙafata.

Sai yaron kantin ya ce, "Mitarku wace iri ce, Mbah?"

Na ce, "Irin ta mutane."

Gunadi ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yar ƙaramar nan ce. In tukunyar shinkafa ta lantarki tana kan wuta aka kunna dutsen guga, ɗaukewa take yi."

Yaron ya karɓe tawul ɗinsa daga kumatuna a hankali, ya linke, ya mayar. Ya ce wannan injin in aka kunna shi a kan mitarmu, ko numfashi ba zai ja ba za ta faɗi. Sai mun nemi babbar mita.

To sai mu nemi babbar mita mana, ko ba haka ba? Muka dawo muka sami Pak Sarmin. Ya saurare mu, ya sosa ƙeya, ya ce ana bayarwa, ba a hana kowa ba. Sai dai fa duk wanda ya karɓi babbar mita ya nuna ke nan shi mai hali ne, benen nan kuwa na marasa hali ne, don haka sai ya tattara ya ba mabuƙata wuri.

Na ce, "Tsaya in gane, Pak. In na shanya a waje, na zubar wa gari da mutunci. In na shanya a ciki, jikata ta yi tari. In na sayi inji, wuta ta faɗi. In na gyara wuta, na zama attajiri a kore ni."

Ya ce, "Ka gane sarai, Mbah. Da ma an ce kana da kai."

Wallahi ban taɓa sanin arziki yana kusa da ni haka ba. Shekara da shekaru ina tuƙa motar haya ina neman sa, ashe yana maƙale a jikin bango bayan ƙofa, sauran in busar da wando ɗaya in zama mai kuɗi. Gaba kura, baya siyaki. A ranar Ningrum ta sauko da jakarta daga kan kabad ta kakkaɓe, ba ta sa komai a ciki ba tukuna, ta dai ajiye ta inda kowa zai gani.

Ana cikin haka sai aka ji Mai Girma Sarkin Almakashi zai zo buɗe Lambun Sama. Kada ku ce ai an buɗe, an buɗe kam, amma wancan wani Mai Girman ne ya buɗe, wannan sabo ne, shi ma yana da haƙƙin ya buɗe nasa. Aka yi wa fuskar bene fenti, ɓangaren da ke kallon titi kaɗai. Aka kwashe kaskon Bu Tumini aka tura ta bayan gida. Ana gobe za a zo, tana zaune tana zumɓura baki, sai ta hango wani tsoho da baƙar riga yana zagaya fili, yana kafa tsinken tsintsiya a ƙasa, kowane tsinke an soke masa jan barkono da albasa, ga hayaƙin turare yana tashi. Ko yaron goye ya san wannan: an ɗauko mai riƙe ruwa ke nan. Manya ba sa yanka ƙyalle a cikin ruwa.

Ta hawo matakala da gudun da ban san tana da shi ba, tana buga ƙofofi.

"Ku jiƙa! Ku jiƙa komai! An kafa barkono, gobe akwai rana!"

Na ce, "Bu, ke yanzu kin yarda da wannan? Ruwa ai na Allah ne."

Ta ce, "Na Allah ne, Mbah, amma ka taɓa ganin an yi wa manya ruwa ranar biki? Mu ake turo wa. Gobe kuwa bikin a kanmu yake, ina za su tura shi?"

Ni dai ban ce tsohon ya iya ba, ban ce bai iya ba, malamai suna karanta wannan shafin nawa na jarida. Abin da na sani shi ne, gari ya waye tangaran, rana ta fito irin wadda muka manta kamanninta. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Kafin hantsi benen nan tun daga ƙasa har sama ya yi fure: zannuwa, katifu, labule, kayan makaranta, wandunan da ba a nuna wa suruki. Ningrum ta kwashe duk abin da Sekar ta mallaka a duniya ta wanke da ruwan zafi, ta jera a baranda, har da zanen goyo, ta bar yarinyar da 'yar shimi ɗaya. Na ɗauki Sekar na tsaya da ita a rana, ta lumshe ido, ta yi atishawa, sai ga dariyar nan ta dawo. Ningrum ta taɓa gefen wani ƙunzugu ta ce, "Pak, ya fara bushewa!" Tun da damina ta shigo ban ji muryarta da daɗi haka ba. Na dubi jakar nan na yi mata gwalo.

Ashe murna za ta koma ciki. Wata mota ta tsaya, wani Mai Girma ƙarami, irin waɗanda ake turowa gaba su shinshina hanya, ya fito ya ɗaga kai ya ga benen, ya dafe ƙirji kamar an harbe shi. Kan ka ce kwabo sai ga babbar mota cike da samari masu kaki, da dogayen sanduna masu ƙugiya da buhuna. Suka bi hawa-hawa. Ba zagi, ba duka, har da sallama, don an ce musu yau ranar ladabi ce. Wanda ya shigo mana ma ya rusuna ya ce, "A gafarce ni, Mbah," sannan ya yaye igiyar kaf ya danna a buhu, kayan Sekar da ɗanyen zanen wani da takalman wani duk a haɗe.

Ningrum ta riƙe bakin buhun ta ce, "Mas, kayan jaririya ne. Ba ta da wasu. Ka bar min ko biyu."

Ya ce, "Za a dawo da su bayan taro, Bu. Ajiya ce kawai."

Ta saki. Ba ta yi kuka ba, ni dai da ta yi da ya fi min sauƙi.

Can sai jiniya. Aka tattara mu aka hau da mu sama, aka samu Ma'ajin Mabuɗi yau yana nan, har da sabuwar hula. Karo na farko ke nan da na taka ciyawar da aka ƙwace mana fili dominta, tana da zafi kamar kaskon Bu Tumini, na ce a raina, kai, da katifa ce a nan ai da tuni ta bushe. Mai Girma ya hau mumbari ya yi jawabi a kan yara manyan gobe. Ya ce lafiyar jariri ita ce lafiyar ƙasa. Ya ce labari ya iso masa cewa iyalai masu ƙananan yara suna shan wahalar shanya, kuma shi mutum ne da ba ya iya barci in talaka yana cikin damuwa. Sai ya juya ya yaye wani ƙyalle. Me za mu gani? Injin busar da kaya, fari sol, irin na kantin nan sak, an ɗaura masa jan ƙyalle a ciki kamar ragon suna. Kyauta ce, in ji shi, ga matasan iyalan wannan bene.

Aka nemi uwa mai jariri don hoto. Pak Sarmin ya jawo Ningrum, Sekar na kafaɗarta da 'yar shiminta. Mai Girma ya yanka ƙyalle, wani ya miƙo masa tawul busasshe, ya sa a injin, ya danna. Injin ya juya, don an hawo da janareta an ɓoye bayan furannin roba. Ya ciro tawul ɗin ya ɗaga sama, ga shi kuwa a bushe. Aka yi ta tafi. Mu'ujiza, jama'a! Ya shafa kan Sekar ya ce, "Amma Bu, ki riƙa sa mata kaya masu kauri, damina ce."

Ningrum ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Suna wurinku, Pak."

Ya yi dariya ya ce madalla, madalla, don bai ji ba, mai hoto yana ce masa ya kallo nan.

Kafin ƙarar jiniyarsa ta ɓace, an sauke janareta an sa a mota, an kore mu ƙasa, an mayar da kwaɗo. A saman nan kaf babu inda ake soka waya, na duba da idona. Tsohon nan mai baƙar riga ya tsige barkononsa ya hau acaɓa ya tafi, kuma ko la'asar ba a yi ba sama ta saki duk abin da ta riƙe, har da na bashi. Buhunan kuwa an jibge su a wani ɗaki a ƙasa, mabuɗin yana hannun wanda kuka sani, shi kuma yanzun nan ya fita. Sai da aka kwana aka kwana aka sake kwana sannan aka buɗe. Mata suka zazzage a ƙasa kowa yana tonon nasa yana toshe hanci. Kayan Sekar sun yi baƙin ɗigo-ɗigo, irin fumfunar da ko kakar sabulu ba ta fitar da ita. A kwanakin nan da tsofaffin rigunan ubanta ake naɗe ta, tarin kuma ya dawo har da 'yar ƙara a ƙirji.

Ningrum ta ɗaga wata 'yar riga mai hoton agwagwa, wadda ni na saya ranar suna, ta duba gaba ta duba baya, ta ajiye. Ta shiga ta ɗauko jakar. Babu wani abin kirki da za ta sa a ciki ma.

Gunadi ya ce, "A bari in sake neman wata hanya."

Ta ce, "Ka nema, Mas, ban ce ba ka nema ba. Mahaifinka ma har kurciyarsa ya so sayarwa. Ba ku ne kuka gaza ba."

Ban hana ta ba. Da wane bakin? Ni na riƙe Sekar har tasha, ta kama min yatsa ta sa a baki tana ciza da dasashi. Da jirgi ya zo sai da aka ɓamɓare hannunta daga rigata. Gunadi ya tsaya yana duban wayarsa kamar wani fasinja yana kiransa, alhali a kashe take. Ni kuwa na yi kukana a fili, tsufa ya ba ni lasisi.

Jiya na kwance igiyoyin. Falo ya yi faɗi, bango ya fara shan iska, kayanmu mu biyu ko a bayan kujera sai su bushe. Kurciya tana ta kuka a baranda cikin koren lulluɓinta marar hannu marar maɓalli, kukan kurciya kuwa jawabi ne. Masu rubuto min suna tambaya ko ya dace mai ƙaramin iyali ya sayi injin busar da kaya, ga amsarku: kada ku wahalar da kanku. Ku kawo ƙara wurin Mai Girma Sarkin Almakashi, shi daga tushe yake magance matsala. Ya duba ya ga wankin jariri ne ya dame mu, sai ya raba mu da jaririyar. Yanzu ba wanki, ba shanya, ba abin da zai mare ni da asuba, sai tebur.

Af, na kusa mantawa. Da na bar wurin Bu Tumini ɗazu, na ja ƙafa na hau sama don in ga lafiyar dukiyar al'umma. Na leƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Injin yana nan, jan ƙyallensa ya jiƙe ya zuba masa kala, murfin a buɗe tun ranar. Wata kyanwa ta haihu a ciki, 'ya'yanta suna kwance a kan tawul ɗin Mai Girma, a bushe, cikin ɗumi, ba mai tari ko ɗaya. Saboda haka masu cewa manya ba sa cika alkawari su ji tsoron Allah. An ce injin na matasan iyalan benen nan ne, ga shi kuwa iyali guda sun samu.